Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman da Ke Duba Binciken Hoton Ƙwaƙwalwa a Arewacin Kamaru da Cadi

Zuwa ga shugabannin sassa, malamai masu kula da ɗaliban likitanci da na kimiyya, da kwamitocin da ke zaman sauraron kare kundi a Garwa, Marwa, Ngaundare da Injamena.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ni malamin ƙididdiga ne a nan Garwa, kuma buƙata guda ce ta sa na rubuto muku a bainar jama'a. Ina roƙonku ku wajabta wa duk ɗalibin da zai kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar rukunin mutane ya rubuta hanyar lissafin da zai bi, a duba ta, a sa mata hannu, tun kafin ya buɗe hoto na farko. Yadda abin ke tafiya yanzu, ɗalibi yakan zo wa irinmu ana saura 'yan makonni ya kare kundi, da taswira mai ja da ruwan ɗorawa a kwamfutarsa, yana cewa, "Malam, a taimaka a duba mini ko p ya fito." P ɗin nan shi ne adadin da ke nuna yiwuwar a sami irin sakamakon bisa tsautsayi kawai, idan babu bambanci na gaske, kuma an saba neman ya yi ƙasa da 0.05. A wannan lokaci babu abin da ya rage mana sai ta'aziyya.

Na san wani zai ce ina mu ina wannan magana, mu da har yau majinyaci ke sayar da akuyarsa ya biya kuɗin hoto guda. Amma aikin ya riga ya iso gida. Manhajojin da duniya ke aiki da su, SPM ta Landan, FSL ta Oksfod da AFNI ta Amurka, duk ana sauke su kyauta. Rumbuna irin su OpenNeuro cike suke da hotunan dubban mutane ga duk mai so. Yaron da ke da kwamfuta da ɗan kuɗin intanet zai iya fitar da taswira cikin mako guda, ko bai taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoton ba, wato MRI, wadda mu a nan muka fi sani da IRM. Ga kuma cututtukan da suka isa a yi musu bincike na gaske: farfaɗiya, sanƙarau da abin da yake bari a kan yara, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sikila, shanyewar ɓarin jiki. Tunda za a yi aikin ko mun so ko mun ƙi, gara a yi shi yadda idan ya fita waje ba za a yi mana dariya ba.

Launin da ke kan taswirar nan na'ura ba ta ɗauko shi daga kan kowa ba. Manhaja tana yanka ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan akwatuna da ake kira boksel, kowanne kamar milimita 2 ko 3 a kowace fuska, adadinsu kan kai 100,000 ko fiye. A kowane boksel ana yin gwajin ƙididdiga daban, sannan a shafa launi a inda sakamakon ya haye wata iyaka da mai binciken ya zaɓa da hannunsa. Ya sassauta iyakar, rabin ƙwaƙwalwa ya kama da wuta. Ya tsananta ta, komai ya mutu. Don haka idan kwamiti ya yaba wa kyan taswira bai tambayi iyakar ba, zaɓin ɗalibin ya yaba wa, bai kai ga ƙwaƙwalwar majinyatan ba tukuna.

Tambaya ta farko da nake so ku riƙa jefa wa ɗalibi ita ce: a kan wa kake magana? A kan mutanen nan 10 da ka auna, ko a kan masu farfaɗiya gaba ɗaya? Amsar ce ke zaɓar lissafi. A hoton da ke bin aikin ƙwaƙwalwa, wanda ya samo asali daga binciken Seiji Ogawa na 1990 kan yadda iskar oksijin da ke cikin jini ke sauya abin da na'ura ke gani, mutum ɗaya kan ba da hotuna ɗari biyu ko fiye a zama guda. Mutum 10 ke nan sun ba da hotuna 2,000. Idan aka zuba su tukunya ɗaya aka lissafa kamar shaidu 2,000 ne, sakamako zai fito da ƙarfi mai ban mamaki. Wannan ita ce hanyar kafaffen tasiri, kuma ba ta iya faɗin komai sai a kan waɗannan mutum 10. Mutum ɗaya mai ƙarfin amsawa ma ya isa ya ja duk rukunin a bayansa. Ɗan kasuwar Marwa da ya ɗebi tafi 200 daga buhun masakwa guda ya san buhun nan ciki da bai, amma bai san yadda karal, wato filin noman masakwa, na yankin Diyamare ya yi bana ba. Sai ya buɗe buhuna daga gonaki daban-daban.

Tun 1998 Andrew Holmes da Karl Friston suka shimfiɗa hanya mai mataki biyu da ta zama abin bi. A mataki na farko a taƙaita kowane mutum zuwa taswira guda. A na biyu a kwatanta waɗannan taswirori, a auna bambancin da ke tsakanin mutum da mutum. Shaidunka sun koma 10, yadda suke tun asali. FSL tana da wata hanya mai suna FLAME da ke ƙara duba yawan hayaniyar da ke cikin bayanan kowane mutum, ta rage nauyin wanda awonsa bai tsaya ba. Tana da amfani a wurinmu, inda yaro ɗaya zai kwanta shiru wani kuma ya yi ta motsi har a yanke rabin hotunansa. Haka kuma idan mutanen da aka auna kafin magani su ne aka sake aunawa bayan magani, lissafin dole ya san cewa Bello na farko shi ne Bello na biyu. Idan yara uku 'yan gida ɗaya ne, ba shaidu uku cikakku ba ne.

Akwai wani kuskure da nake yawan gani a kundaye, mai sauƙin kamawa. Ɗalibi zai fitar da taswirar majinyata ita kaɗai, ya fitar da ta masu lafiya ita kaɗai, ya ajiye su gefe da gefe, ya ce ga launi a nan babu a can, ashe akwai bambanci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba. Yana yiwuwa rukuni ɗaya ya haye iyaka da ƙyar, ɗayan ya gaza da ƙyar, alhali tsakaninsu babu komai. Bambanci sai an gwada shi kai tsaye, rukuni da rukuni, a lissafi guda. Kada ku ɗauka ciwon ɗalibanmu ne kaɗai. A 2011 Sander Nieuwenhuis da abokan aikinsa sun duba maƙaloli 513 a manyan mujallu irin su Nature da Science. Daga cikin 157 da wannan tambaya ta taso musu, 79 sun faɗa cikin kuskuren, 78 sun tsira.

Sai babbar matsalar, wadda ita ce ta raba wannan fanni da lissafin da aka koya mana a aji. Iyakar nan ta p, wato 0.05, an yi ta ne don gwaji guda. Idan ka yi gwaji 100,000 a ƙwaƙwalwar da babu wani bambanci a cikinta ko kaɗan, ka sa ran boksel 5,000 za su haye ta bisa tsautsayi. Ka matse ta zuwa 0.001, saura 100, kuma boksel 100 sun isa a yi musu babi guda na tattaunawa. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka gabatar da wani aiki da ya zagaye duniya. Sun saka mataccen kifin salmon a na'ura, suka nuna masa hotunan mutane, suka "tambaye shi" halin da mutanen ke ciki. Da suka yi lissafi a kan 0.001 ba tare da gyara ba, boksel 16 daga cikin 8,064 suka nuna alamar aiki, wasu a daidai ƙwaƙwalwar kifin. Da suka yi gyaran da ya kamata, komai ya ɓace. An ba su lambar barkwanci ta Ig Nobel a 2012, amma wasan ya yi aiki, domin ya jawo hankalin masu bincike kan haɗarin taswirar da ba a gyara ba. Mu kuwa har yanzu tana wucewa a gabanmu da tafi.

Hanyoyin gyaran suna da yawa, kuma a nan ne ɗalibi ke ruɗewa. Ta Bonferroni ita ce mafi sauƙi, a raba 0.05 da yawan gwaje-gwaje, sai dai ta yi tsanani, domin tana ɗauka kowane boksel zaman kansa yake, alhali maƙwabta suna tafiya tare. Marigayi Keith Worsley na jami'ar McGill ya kawo lissafin da ke la'akari da santsin hoto, shi ne SPM ta daɗe tana tafiya a kai. Hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995, wadda aka shigo da ita fannin hoton ƙwaƙwalwa a 2002, alƙawarinta daban ne. Ba ta ce maka babu ƙarya ko ɗaya a taswirarka ba, cewa take yi daga cikin abin da ka bayyana, a matsakaici kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai za su zama ƙarya. Ɗalibin da ya yi aiki da ita ya kamata ya iya faɗin wannan da bakinsa a gabanku. Sai wadda aka fi so, hanyar gungu: a sa iyaka ta farko, a tara boksel ɗin da suka manne da juna, a tambaya ko gungun ya fi girman abin da tsautsayi zai iya haifarwa.

An fi son hanyar gungu ne domin ta fi saurin ba da sakamako, kuma a kanta aka yi babban rikici. A 2016 Anders Eklund, Thomas Nichols da Hans Knutsson suka buga wani bincike a mujallar PNAS. Sun ɗauki hotunan mutum 499 masu lafiya da aka ɗauka suna kwance ba sa yin komai, suka riƙa raba su rukuni-rukuni bisa ƙuri'a, suka yi kusan gwaji miliyan 3 da SPM, FSL da AFNI. Tunda babu bambanci na gaske, kamata ya yi a sami sakamakon ƙarya sau 5 cikin 100. A hanyar gungu, a wasu saituna, ya kai har sau 70 cikin 100. Dalilin shi ne lissafin ya ɗauka cewa dangantakar boksel da maƙwabtansa tana dusashewa da sauri bisa wani tsari, alhali a ƙwaƙwalwa ta gaske tana kaiwa nesa fiye da haka, sai gungun tsautsayi ya fi girman da aka zata. Abin ya fi muni idan iyakar farko 0.01 ce, ya yi sauƙi sosai a kan 0.001. Sun kuma gano wani kuskure da ya yi shekara 15 a cikin ɗaya daga cikin kayan aikin AFNI, aka gyara shi a 2015. Jaridu sun yi ta yaɗa cewa bincike 40,000 sun rushe, har marubutan suka fito suka gyara wannan furuci, don haka kada wani ya zo muku da shi a matsayin hujjar cewa fannin duk shirme ne. Abin ɗauka shi ne saitin da manhaja ta zo da shi ba wahayi ba ne.

A wannan binciken, hanyar da ta fi tsayawa kusa da kashi 5 ɗin da aka yi alƙawari ita ce gwajin cakuɗa, kuma ita nake ba ɗalibanmu shawarar su fara da ita. Tunaninta ko wanda bai yi lissafi mai zurfi ba zai gane. Idan da gaske babu bambanci tsakanin majinyata da masu lafiya, to sunan rukuni ba shi da tasiri. Sai kwamfuta ta cire sunayen, ta cakuɗa mutanen, ta sake raba su, ta yi lissafi, ta rubuta sakamako mafi girma da ta samu a duk ƙwaƙwalwar. Ta maimaita sau 5,000 ko 10,000. A ƙarshe a duba inda sakamakon gaske ya tsaya a cikin wannan tari. Nichols da Holmes sun yi bayaninta dalla-dalla tun 2002, tana nan a FSL da sunan randomise, a SPM kuma da sunan SnPM, kuma ana iya haɗa ta da TFCE ta 2009, wadda ta ɗauke wa mutum zaɓen iyakar farko. A da ana gudunta saboda cin lokaci. Yau ƙaramar kwamfuta kan gama aikin rukuni matsakaici cikin sa'o'i, idan wuta ta yarda.

Ita ma tana da sharuɗɗanta. Dole mutanen su zama waɗanda za a iya musanya su da juna, don haka 'yan gida ɗaya ko awo biyu na mutum ɗaya sai an gaya wa manhaja ta cakuɗa su a tare. Kuma tana tona asirin ƙarancin mutane. Rukuni biyu na mutum 10 da 10 ana iya raba su hanya 184,756, wannan ya wadatar. Mutum 6 da 6 hanya 924 ce. A gwajin rukuni ɗaya da mutum 4, hanyoyin 16 ne kacal, mafi ƙanƙantar p da za a iya samu shi ne 0.0625, wato ko me ke cikin ƙwaƙwalwarsu ba za a kai 0.05 ba. Wanda ya kawo muku mutum 4 da p mai sifili uku a gaba, ku tambaye shi ina ya samo.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi yi mana ciwo, yawan mutane. Don a gano matsakaicin bambanci tsakanin rukuni biyu, irin wanda ya kai rabin ma'aunin warwatsuwa, da damar ganowa ta kashi 80 cikin 100, ana bukatar mutum 64 a kowane ɓangare. Babban bambanci na bukatar 26. Wannan fa a gwaji guda ne, kafin a zo ga gyaran boksel 100,000. A 2013 Katherine Button da abokanta sun ƙiyasta cewa matsakaicin ƙarfin ganowa a binciken ƙwaƙwalwa kusan kashi 21 ne cikin 100, a binciken girman sassan ƙwaƙwalwa ta hoto kuma kashi 8. A 2022 Scott Marek da tawagarsa suka yi aiki da bayanan kusan mutum 50,000, suka nuna cewa alaƙar da ke tsakanin siffar ƙwaƙwalwa da abubuwa irin su basira ko halin tunani ƙarama ce ƙwarai, sai da dubban mutane take tabbata, alhali yawancin bincike da mutum 25 ake yin su. Illar ƙaramin rukuni ba ta tsaya ga rasa abin da ke akwai ba. Abin da ya samu ma yakan fito a kumbure, domin da mutum 25 alaƙa, a ma'aunin da 1 ce cikakkiyar alaƙa, sai ta kai kusan 0.40 kafin ta haye iyaka, don haka duk wadda ta haye babba za ta bayyana, ko da a gaskiya ƙarama ce ko babu ita.

Ba ina cewa mai majinyata 20 ya ajiye aiki ba. Cewa nake ya rage faɗin tambayarsa. An daɗe da sanin cewa a wani nau'in farfaɗiya sashen da ake kira hipokampas yana ƙanƙancewa. Ɗalibin da ya rubuta tun farko cewa girman hipokampas na dama da na hagu zai auna, gwaji biyu gare shi, kuma mutum 20 na iya faɗa masa wani abu. Sharaɗin shi ne a zaɓi wurin daga ilimin halittar jiki ko daga binciken wasu, kafin a ga bayanai. Wanda ya fara binciken duk ƙwaƙwalwa, ya ga inda ya fi haske, ya zagaye wurin, sannan ya sake lissafi a cikinsa ya kawo adadi mai kyau, ya sa shaida ɗaya ta yi rantsuwa sau biyu. Edward Vul da abokansa sun tona wannan a 2009, da suka bi diddigin maƙaloli 55 masu alaƙa mai girman da ya wuce hankali, wasu sama da 0.8, suka tarar fiye da rabinsu haka suka yi.

Misalin da nake so ɗalibanmu su riƙe daga nahiyarmu ya fito. A asibitin Queen Elizabeth da ke Bulantaya a Malawi, Karl Seydel, Terrie Taylor da abokan aikinsu sun ɗauki hoton yara 168 masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da na'urar da ƙarfin maganaɗisunta tesla 0.35 ne, wadda a Turai za a ce mata rarrauna. Yara 25 suka rasu. Daga cikinsu 21, wato kashi 84 cikin 100, ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai, alhali a cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne. Aka buga a New England Journal of Medicine a 2015, kuma ya sauya fahimtar yadda cutar ke kashe yara. Babu taswira mai launi a gindin wannan sakamako. Tambaya ce bayyananniya, awo bayyananne, da haƙurin tara majinyata shekara da shekaru.

Yanzu ga abin da manhajar Landan ko Oksfod ba za ta taɓa gaya wa ɗalibinmu ba, sai ku. Su wane ne masu lafiyar da ya kwatanta majinyatansa da su? Sau da yawa majinyatan daga ƙauye suke, sun taso da ƙarancin abinci da ƙarancin jini, da yawansu ba su yi boko ba, wasu sun shekara goma suna shan maganin farfaɗiya. Masu lafiyar kuwa abokan karatun ɗalibin ne, samari 'yan birni, domin su ne ke kusa kuma ba sa tsoron shiga na'ura. Duk bambancin da ya fito, na cutar ne, ko na shekaru, ko na abinci, ko na magani? An san fenitoyin idan aka daɗe ana shan sa yana iya rage girman sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya mai kula da daidaiton tafiya. Shekaru, jinsi da girman ƙoƙon kai dole su shiga lissafin duk wani bincike na girman sassa, amma da mutum 20 ba za ka cusa abubuwa takwas ba, lissafin zai durƙushe. Maganin yana wurin zaɓen mutane, a nemo ɗan'uwa ko maƙwabcin majinyaci mai kusan shekarunsa. Idan kuma za a haɗa hoton da gwajin tunani, a tuna cewa gwajin da aka yi da Faransanci ga mai jin Fulatanci, Hausa, Larabcin Shuwa, Mafa ko Tupuri, jin Faransancinsa aka auna tare da tunanin nasa. Motsin kai ma haka: marar lafiya da ƙaramin yaro sun fi motsi, kuma tun 2012 aka nuna cewa motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana ƙirƙiro bambancin ƙarya a lissafin alaƙar sassan ƙwaƙwalwa.

Mafi hatsari duka shi ne dabarar da ta fara shiga ran ɗalibai saboda tsadar hoto: a ɗauki majinyata a na'urar gida, a sauko da masu lafiya daga rumbun Amurka ko Ingila. Ranku ya daɗe, wannan ku ƙi shi kai tsaye. Na'ura biyu ba sa ba da hoto iri ɗaya ko da mutum ɗaya aka saka musu, balle mai tesla 1.5 da mai tesla 3. Akwai hanyar daidaita na'urori mai suna ComBat, amma tana aiki ne idan kowace na'ura ta ɗauki majinyata da masu lafiya duka. Idan duk majinyata na na'ura ɗaya ne, duk masu lafiya na ɗayar, babu lissafin da zai raba cuta da na'ura. Ko samfurin da ake daidaita duk ƙwaƙwalwa a kansa, MNI152, daga matasa 152 aka haɗa shi a Montiriyal, don haka a riƙa buɗe hoton kowane majinyaci a gani da ido ko ya zauna daidai, musamman mai tabon shanyewa ko mai ruwa a kai.

Duk waɗannan zaɓuɓɓuka ne, kuma yawansu shi ne dalilin roƙona. A 2012 Joshua Carp ya ɗauki bayanai guda ya bi da su ta hanyoyi 6,912 da duk ake ganin halattattu ne, wurin da launi ke fitowa ya yi ta yawo. A 2020 mujallar Nature ta buga wani gwaji da aka ba tawaga 70 ta ƙwararru hotuna iri ɗaya da hasashe 9 su gwada. Ba a sami tawaga biyu da suka bi hanya ɗaya ba, kuma a kan fiye da rabin hasashen amsoshinsu sun rabu sosai. Waɗannan ƙwararru ne da babu mai jiran su da sakamako. Ku auna ɗalibin da ya san cewa in ya zo hannu wofi kwamiti zai ɗaure masa fuska. Ba sai ya yi niyyar maguɗi ba. Zai gwada wannan saiti, bai fito ba, ya ƙara santsin hoto daga milimita 6 zuwa 8, ya cire mutum ɗaya da "ya yi motsi", ya koma hanyar gungu, har launi ya bayyana, sannan da zuciya ɗaya ya gaskata cewa hanyar ƙarshe ce daidai. Tun ran gini ran zane.

Abin da nake nema bai wuce shafi ɗaya ko biyu a cikin tsarin binciken da ɗalibi ke miƙawa tun farko ba. Ya faɗi tambayarsa da mutanen da yake son magana a kansu, yawan da zai tara da lissafin da ya kai shi ga wannan adadi, inda zai samo masu lafiya, wurin da zai duba a ƙwaƙwalwa, abubuwan da zai saka a lissafi, hanyar gyara da iyakarta, da ƙa'idar cire mutum saboda motsi. Abin da ya gano daga baya a wajen wannan shafi ya kawo shi, ba haramun ba ne, amma ya sa shi a babi na daban ya kira shi lalube. Ba sai kun ƙirƙiro takardar daga sama ba, ƙungiyar masu taswirar ƙwaƙwalwa ta duniya ta fitar da jagora mai suna COBIDAS a 2016, a ciki akwai jerin abin da ya kamata a bayyana. A ranar kare kundi kuma ku nemi girman bambancin da tazarar tabbacinsa, domin likita ba zai yi wa majinyaci komai da p shi kaɗai ba.

Za a ce lokacin kundin likitanci gajere ne kuma masana ƙididdiga sun yi ƙaranci. Gaskiya ne. Amma shafin nan aikin mako guda ne, kuma muna da sassan lissafi a jami'o'inmu, ga ISSEA a Yawunde da ke horar da masana ƙididdiga na ƙasashen yankinmu har da Cadi, ga cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS a Limbe. A gayyato mutum ɗaya ya zauna a zaman amincewa da tsarin bincike, ko ta waya ce, ya fi a kira shi ranar ƙarshe ya yi ado a teburi. Kuma maimakon ɗalibai huɗu a garuruwa huɗu kowa ya tara mutum 15, a haɗa su kan tambaya ɗaya da tsarin ɗaukar hoto ɗaya, kowane gari ya kawo majinyata da masu lafiya, a sami 60. Garwa da Marwa ba su yi nisan da za a kasa wannan ba, Kusiri da Injamena kuwa gada ce kawai tsakaninsu.

Na bar mafi nauyi a hannunku, domin ku kaɗai ke iya yin sa. Ɗalibin da ya bi shafinsa sau da ƙafa, ya yi gyaran da ya dace, bai sami bambanci ba, ya kuma faɗi iyakar girman bambancin da bayanansa za su iya kawarwa, ku ba shi makin da kuke ba mai taswira mai launi, ku faɗa a gaban 'yan ajinsa cewa aikinsa ya yi. Muddin ɗalibai na ganin cewa launi ne ke kawo yabo, duk takardar da aka sa musu hannu za su san yadda za su zagaye ta.

Ina roƙon a fara da ɗaliban da za su miƙa tsarin bincikensu a shekarar karatu mai zuwa. Duk sashen da ke son a zauna a tsara shafin tare, ni da abokan aikina a shirye muke mu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku,
Wani malamin ƙididdiga,
Garwa.